Ranar da Na Kifa wa Rauta Samira

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsayar da intanet ɗin makarantarmu da kwanon abinci ba. Ko na so mantawa, ɗalibai ba za su bari ba.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a cikin garin Daura, kuma ni mutum ne mai zargi, wannan ban musa ba. Idan na shigo wuri mutum biyu suka yi shiru, to da ni ake. A lokacin ana ta raɗe-raɗin canjin wurin aiki, wai shugaban makaranta ne zai zaɓi waɗanda za a tura ƙauyukan bakin iyaka. Ni kuwa mahaifiyata ta tsufa, ni ke kai ta asibiti, barin gari tashin hankali ne a wurina. Matsalar ita ce bakina. Babu gulmar shugaba da ban yi ba a ɗakin malamai, tun daga jawabinsa da ba ya ƙarewa har babbar rigarsa ɗaya tilo ta zuwa taro.

Muna dawowa daga hutu sai na tarar da wani farin akwati a kan kabad ɗin bayan kujerata, da ƙahonni biyu a tsaye, 'yan korayen fitilu suna ta ƙyafta ido. Duk faɗin ɗakin nan, sai bayan kujerata? Na kuma lura fitilun sun fi rawa idan ina magana (haka dai idona ya nuna mini). Na raɗa wa Malam Sabo, abokin zamana da muke shan fura a kwano ɗaya. Ya gyaɗa kai, ya ce zamani ne, komai na iya faruwa.

Malama Rakiya mai koyar da kwamfuta ta ce ai rauta ce, ita ke karɓo intanet ta waya, ta raba wa kwamfutocin ɗakin da ke jikin namu ta iska. Bayaninta ƙara mini tsoro ya yi. Abin da ke ratsa bango da saƙo, me zai hana shi kai muryata ofishin shugaba? Ita ma ban yarda da ita ba, don na ga yadda suke gaisawa da shugaba.

Na yi 'yan kwanaki ina yabon shugaba da ƙarfi, ina fuskantar kabad. Amma gulma ta cika mini ciki har na fara ramewa. Na so zare wayar, na ce za a gane. Wata safiya na cinye ɗanwaken da matata ta zubo mini, na ɗauraye samirar, na faki ido na kifa ta a kan akwatin. Na zauna na sauke wa Malam Sabo duk abin da na tara.

Ashe ranar ce baƙi daga ofishin shiyya za su zo ganin ɗalibai suna gwajin jarrabawa ta kwamfuta. Ashe kuma ƙarfe yana tare wannan iskar da ake magana. Kwamfutoci suka tsaya cak, yara suka zuba tagumi. Sai ga Malama Rakiya ta shigo da sauri, shugaba na biye da ita cikin babbar rigar nan, baƙi na biye da shi. Ta miƙa hannu ta sauko da samira.

Kun san yadda matanmu ke rubuta suna da jan fenti a gindin kwano don kada ya ɓace a gidan biki. Shugaba ya karɓa, ya gyara tabarau, ya karanta a hankali: “Maman Hafsa.” Babu malamin da bai ci tuwon sunan Hafsa a gidana ba. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ɓeraye nake kare masa.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Bayan sun tafi shugaba ya kira ni ofis. Na shiga ina tunanin wa zai riƙa kai tsohuwa asibiti. Ya miƙo mini samirar, ya ce, “Malam, wannan akwatin ba ya ji. Zancen rigata kuwa tun bara Malam Sabo ya kawo mini. Shi ne kuma ya faɗa mini halin da Hajiya mahaifiyarka take ciki, shi ya sa ba na shirin ɗaga ka.”

Na rasa ko in gode wa Malam Sabo ko in shaƙe shi.

Yau ɗalibai Malam Samira suke kirana a bayan ido (wannan kam ba zargi ba ne, na ji da kunnena). Rautar tana nan tana ƙyafta ido, mun shirya da ita. Abin da na koya shi ne, zargina bai yi ƙarya ba, wurin kifa kwanon ne na kuskure. Mai kunnen yana gefena, muna karɓa-karɓar ludayi.