Ƙullin Yaji a Aljihun Dama

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a unguwar Cheras ba, ko da na so in manta, matata Maman Ummi ba za ta bari ba.

A shekarata ta biyu da zuwa karatu Kuala Lumpur, da rubutun digiri ya sa ni a gaba, na sayi hamonika a kasuwar Chow Kit don in riƙa samun sauƙi. Ƴar abar busa ce mai ramuka goma, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Na duƙufa koyon wani kiɗan ƙasashen waje da ake kira buluz a waya. Wata uku matata ta yi tana haƙuri, rannan ta ce, "Abban Ummi, don girman Allah ka fita da akuyar nan taka. Maƙwabta za su ɗauka yanka muke yi a falo." Tun daga ranar na koma busa a matakalar benenmu a unguwar Setapak, daga ni sai sauro.

Ana nan sai Azman, wani ɗan ƙasar da ke kula da ɗakin gwaje-gwajenmu, ya ji ni ina busa a bayan ofis. Ashe yana da ƴan kiɗansa da suke wasa a gidajen biki. Ya ce, "Boleh lah, ai ka iya! Ranar Lahadi ka zo ka busa mana waƙa ɗaya." Na iso gida ina tafiya kamar wanda aka ba kujerar Makka. Maman Ummi ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "To, mu yi sharaɗi. In aka tafa maka, ka dawo falo. In aka yi maka dariya, ka miƙo min ita ta shiga ƙasan akwati." Na ce na yarda (bakina ne, ba wanda ya matsa min).

Yanzu ga inda na cuci kaina. Duk inda za ni cin abinci a ƙasar nan, da ƙullin yajina nake tafe, don ni miyar da aka zuba wa sukari ba ta wuce min haka nan. Ni da Maman Ummi muka isa wurin biki a Cheras bayan Azahar, na sha shaddata da hula. Aka kawo shinkafa, na kwance ƙulli a ƙarƙashin tebur na barbaɗa, na mayar aljihun dama ban ɗaure ba. Ka san me ke cikin aljihun daman nan? Hamonikata.

Azman ya kira ni, ya ce wa jama'a ga babban baƙo daga Najeriya. Na hau dandamali, aka miƙo min makirufo. Abin da mutane ba su sani ba, shi buluz yawancinsa zuƙar iska ake yi, ba hurawa ba. Jita ta ɗauka, ganga ta bi, Azman ya ɗaga min gira. Na lumshe ido irin na ƙwararru, na zuƙa iya ƙarfina.

Wayyo Allah! Yajin nan mai citta da masoro, wanda surukata ta daka da hannunta a Kano, har tsakar kaina na ji shi. Na tsaya baki buɗe, sai ga atishawa a cikin makirufo, har amarya ta zabura. Ban san lokacin da na ce "Alhamdulillah" ba, shi ma a cikin makirufo. Sai zauren nan kaf, maza da mata, suka amsa, "Yarhamukallah!" Na sake wata, suka sake amsawa. A ta uku mai ganga ya riga ya gane lokacina, ina saki yana dukan farantin ƙarfen da ke jikin gangarsa. Na hango Maman Ummi ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Wata tsohuwa ta taso daga layin gaba ta miƙo min kofin ruwa. Maimakon in sha, na tsoma hamonikar na karkaɗe, ruwan ya koma ja. Azman bai daina kaɗa jita ba, yana dariya yana cewa, "Main, main!" wato in busa. Na ce a raina kunyar da ta rage mini nawa ce? Na busa, hawaye na zuba, hanci na zuba. Kuma ban taɓa busa mai daɗin ta ranar ba. Aka tafa har da masu raba abinci. Wani dattijo ya rungume ni ya ce bai taɓa ganin wanda kiɗa ya sa kuka haka ba (ban gyara masa ba).

A mota na ce, "Kin ji tafi."

Ta ce, "Na ji dariya ma."

Na damƙe aljihuna. Sai da muka kusa Setapak ta goge ido ta ce, "Ka dawo falo. Tun da muka zo ƙasar nan ban yi dariya irin ta yau ba. Amma daga yau ni ce mai riƙon yaji."

Yanzu a falo nake busa, Ummi na tsaye a gefe tana jiran ta ce "Yarhamukallah." Ni dai na gane cewa telan da ya yi wa riga aljihu biyu ya fi ni hankali, duk da digirin da na zo nema.