Gishirin Kaka a Layin Masu Hawan Jini

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama likita a Lafia, tun kafin wata jami'a ta san da zamana a duniya.

Sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, makina kuwa ba yabo ba fallasa. Amma a gidanmu sai ka ce na ciwo kofi. Sunana ya ɓace, kowa sai "Likita". Abin da ya rage shi ne inda zan nema. Zaɓin farko ɗaya ne tak, in ka kuskure sai zaman gida na shekara, kana kallon abokanka suna dawowa hutu da sabon Turanci. Ni raina yana kan wata tsohuwar jami'a mai suna, can nesa, wadda duk mai ƙwaƙwalwa a ƙasar nan yake rububinta. Baba ya ce in nemi ta kusa da gida, tunda tana fifita 'yan jiha. Na ce masa ai wannan ta masu neman sauƙi ce (Allah ya yafe mini, ina faɗa ina karkaɗa ƙafa).

Kakata Iya ce ta raba gardama. 'Yar garin Awe ce, a sana'ar dafa gishiri ta tsufa. Ta ce 'yar ƙawarta babbar likita ce, har ɗalibai take koyarwa, in je asibiti ta ba ni shawara. "Amma ba a zuwa wurin babba hannu rabbana," in ji ta. Ta cika baƙar leda da gishiri ta ɗaure.

Ni kuma don Dakta ta san da gaske nake, sai na ɗauko farar rigar da muke sawa a ɗakin gwaje-gwaje na sakandare, na goge ta har tana ƙyalli. Ba wanda ya aike ni.

Da na isa aka ce tana ganin marasa lafiya, in jira a benci. Ashe ranar masu hawan jini ce. Ban gama zama ba wata tsohuwa ta jawo hannun rigata.

"Dokta, abeg, ƙafana yana kumbura, kaina yana juya."

Abin da ya kamata in ce shi ne, "Mama, ni ma jira nake." Amma wallahi jin "Dokta" daga bakin wadda ba ta san ni ba ya fi zuma daɗi. Na miƙe, na maƙale ledar a hammata, na gyara murya.

"Mama, gishiri ne. Duk mai son ransa a layin nan ya rabu da gishiri."

Mutane suka matso, wani dattijo har yana gyaɗa kai. Ni kuwa kaina ya ƙara girma. Na kawo ɗan abin da na haddace a aji, na ƙara da wanda ban sani ba. Da zan rufe wa'azi na ɗaga hannu sama na ce, "Gishiri guba ne!" Na manta abin da hannun yake dannewa.

Ledar ta faɗi tim, ta fashe. Gishirin Iya ya watsu har ƙarƙashin benci. Tsohuwar nan ta sunkuya, ta dangwala, ta lasa.

"Dokta, wannan na Awe ne, orijinal. Ka hana mu ci, kai kana kaiwa gida?"

Dariya ta ɓarke, har da mai gadi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, Dakta ta fito ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wane ne sabon likitan da ba a gaya mini ba?"

"Anti, jikan Iya ne," na ce, da wata murya da ni ma ban gane ta ba. "Ta ce a gaishe ki."

"To jikan Iya, cire rigar. Ga tsintsiya can."

Bayan na share, ta kira ni ofis ta tambayi makina. Da na faɗa, da sunan jami'ar da nake so, sai ta tsinci gishirin da ya maƙale a gwiwar wandona. "Wannan in ya shiga tukunyar miya za a ji shi. In ka zuba shi a kogin Binuwai fa? Makinka ke nan. Amma in ka nace, nemi can. Baɗi sai ka sake kawo mini wani gishirin."

Na nemi ta kusa, kuma Allah ya sa aka ɗauke ni. Iya abu ɗaya ta tambaya, ko gishirin ya isa hannun Dakta. Na ce ya isa har ƙafarta.

Yanzu da muke zuwa wannan asibitin don koyon aiki, rigar ta zama halalina, amma nas-nas ba su san ni da wani suna ba sai Dakta Gishiri. Na dai koyi darasi: kafin ka ɗaga hannu kana wa mutane wa'azi, fara tuna abin da ke hammatarka.