Rasuwar Tutar Gidanmu, Wadda Aka Cire Wa Tauraro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani zargi da ya hana ni cin abinci, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tutar gidanmu, wadda ta cika ranar Talata a kan sandarta, a ƙofar shagona na kayan keke.

Marigayiyar ta girme ni. Mahaifina ne ya kai wa tela yadi aka ɗinka ta, a makon da aka sauke tutar 'yan mulkin mallaka. Karatuna bai yi nisa ba, amma na riƙe bayaninsa: shuɗin da ke sama ruwan da ke ciyar da mu ne, farin tsakiya zaman lafiya, jan kuma jinin waɗanda suka tsaya mana. Tauraron, a faɗarsa, yaran da za su tashi su riƙe ƙasar ne.

Ta sha rana, ta sha ruwa, ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta fal-fal-fal in iska ta taso.

Ta daɗe tana fama da koɗewa, amma ba ita ce ajalinta ba. An wayi gari ne babu tauraron. Uwar yara ta ce ɓera ne. Ban taɓa ganin ɓeran da zai hau sanda ya warware ɗinki zare-zare, bai taɓa yadin ba. Da take faɗa ma, ba ta dube ni ba.

Ba na kama sunan kowa. Na dai lura babban ɗana, Injiniya, da ya gama karatu yana zaune ba aiki, ya ɗauki hoton fasfo, ya bar wa ƙanensa takalman ƙwallonsa, yana bin gwaggonninsa gida-gida yana neman gafara alhali bai yi musu komai ba. Jakar tafiya da ke kan kabad ma ta sauko.

Marigayiyar ta bar sanda, da igiya, da ni.

Za a naɗe ta a farin ƙyalle, a sa ta a akwatin mahaifina ranar Juma'a bayan la'asar, a tsakar gida. Sai dai ba a rufe mamaci da sauran gaɓarsa a waje. Wanda tauraron ke hannunsa ya halarta. In mayarwa zai yi, ga allura ga zare. In kuwa tafiya zai yi da shi, ya zauna a gabana ya faɗa mini da bakinsa, in sa masa albarka. Kada in ji tafiyarsa a bakin direban mota.