Rasuwar Baƙa, Wayar Yaya, Saura Babi Ɗaya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni telar da ke shagon ƙarƙashin bene, a madadin kaina da 'yar yayata, ina sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo mini ɗinki rasuwar Baƙa, tsohuwar wayar marigayiya Yaya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan gajeriyar jinyar kumburin ciki.

Marigayiya Baƙa ba kyakkyawa ba ce, kuma ba za mu yi mata ƙarya don ta mutu ba. Gilashinta a tsage yake, da roba ake ɗaure murfin bayanta, in ta ɗauke ka hoto kuwa ko mahaifiyarka ba za ta gane ka ba. Ba ta da layi, ba ta kira, ba a kiranta. Amma a cikinta muryar Yaya take, babi bayan babi, tana karanta wani littafi mai koren bango.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu mayun littattafan jarumta ne, irin waɗanda ake rubuta wa matasa, inda yaro zai bar gida yana share hawaye, ya yi karo da dodanni da matsafa, ya dawo cikakken mutum. Yaya ce mai karatu, ni ce mai saurare ina taka keken ɗinki. Kuma tun muna 'yan mata muna da doka guda: babin ƙarshe ba a karanta shi a ɓoye, ba a karanta shi mutum ɗaya. Sai duk wanda aka fara tafiyar da shi ya iso, sannan a zauna tare. Mijin Yaya ya taɓa leƙa ƙarshen wani littafi, ya sha gaba har sai da ya kai ƙara wurin mahaifiyarmu.

Da ciwo ya kwantar da Yaya, ta gane ba za ta ga girman 'yarta ba. Yarinyar, wadda muke kira Gajera, lokacin tana farkon firamare, kuma dodo ɗaya a labari ya isa ya tura ta ƙarƙashin gado. Sai Yaya ta riƙa jingina da filo kowace safiya, lokacin da numfashinta ya fi daidaituwa, ta ɗora Baƙa a ƙirji ta yi ta karatu. Labarin 'yar mai kwale-kwale ne mai tsoron ruwa, wadda dodon dutse ya sace inuwar ƙaninta, ta tafi ƙwato ta tare da wani tsuntsu mai fiffike ɗaya da surutun tsiya. Ranar da ta gama, ta damƙa mini wayar ta ce, "Ki ajiye mata har ta isa jin tsoro ba ta gudu ba. Na ƙarshen kuma ku ji tare. Kar ki yi min satar ji, na san ki." Allah Ya jiƙan Yaya da rahama. Ban yi mata satar ji ba.

Muna shaida cewa Baƙa ta riƙe amana. Shekara da shekaru ba ta zubar da kalma ko ɗaya ba. In an kunna ta, sai ta ɗan yi shiiii, a ji fanka na juyawa a tsohon ɗakin Yaya, a ji gyaran murya, sannan: "To, ina muka tsaya?" Ta adana ƙarar buɗe shafi, da cokali a kofi, da maƙaƙƙiyar muryar da Yaya ke yi wa tsuntsun nan har tari ya sarƙe ta. A wani babin ma akwai ni, daga nesa, ina masifar wa ya ɗauke mini almakashi.

Ni kuma na kula da ita iya sanina. Na ɗinka mata jaka, na ba ta aljihun keke ita kaɗai, kuma ban taɓa yarda cajinta ya sauka ba, don a ganina wayar da ta mutu sau ɗaya tana iya ƙin tashi. Kullum tana jone da wuta. Baban Gajera ya sha cewa a kai a kwafe muryar a wani wuri, ni kuwa na ƙi. Ina tsoron wani ya danna abin da bai sani ba ya goge, ina kuma tsoron a kunna babin ƙarshe don gwaji, baƙon kunne ya riga 'yar Yaya ji.

A bana Gajera ta isa. Ta ma fi ni tsawo, sunan ne kawai ya ƙi sakinta. In ta taso makaranta sai ta zauna kan ƙunshin yadi a shago, ta sa abin kunne, ta yi ta faɗa da 'yar mai kwale-kwale don ta yarda da matsafin da kowa ya ga maƙaryaci ne. Yarinyar da ba ta cika tambayar uwarta ba, sai ga ta tana tsayar da waya. "Anti, nan dariya take yi ko tari?" Na ce duka biyun ne. Ta mayar baya ta sake ji.

Ranar Lahadi ta kai babi na kusa da ƙarshe. Jarumar tana tsaye a ƙofar dutse, an ce sai ta ajiye tata inuwar kafin a ba ta ta ƙaninta, kuma a nan Yaya ta rufe littafi ta ce, "Sauran sai an taru." Muka sa Asabar, ranar da Baban Gajera zai dawo daga tafiya da motarsa. Washegari na buɗe aljihun keke na tarar roba ta tsinke, bayan Baƙa ya kumbura.

Mai gyara ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo. "Hajiya, wa ya ce ki riƙa barin ta a caji kullum? Batirin ne ya kumbura ya tsaga injin. Kulawa ce ta yi mata yawa." Na ce ba wayar nake so ba, muryar kawai zai ciro mini, ko babi ɗaya ne. Ya jona mata wuta, ta yi zzz sau ɗaya, fuskarta ta yi haske kamar za ta gaishe mu, ta ɗauke. Bai karɓi ko sisi ba, ta nan na gane an gama.

Na koma shago. Na yi kukan da na ɗauka na gama shi tun rasuwar Yaya, don yanzu ne ta yi shiru da gaske. Akwai maganar da ta yi domin mu biyu, da sauran numfashinta, kuma ba mai jin ta har abada. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda zan kalli yarinyar.

Gajera ta saurare ni har na gama. Ta tashi ta sauko da littafin mai koren bango daga saman kabad, ta kaɗe ƙura, ta ɗauki allura mai kai a teburina ta maƙale shafukan ƙarshe. Ta ce, "Anti, ni zan karanta. Wallahi ba zan leƙa ba sai kowa ya zauna."

Marigayiyar ta bar caja guda mai naɗin salatif a wuya, da abin kunne mai ji da kunne ɗaya, da jakar da babu mai shiga cikinta kuma. Ta bar yarinyar da ta san yadda uwarta ke dariya, da tela guda mai buɗe aljihun keke ba ta san me take nema ba.

Za a yi mata sutura da guntun mayafin Yaya, a kwantar da ita a aljihun da ta saba. Ba za a kai ta bola ba, masu neman kayan gyara kuma su yi haƙuri. Zaman makoki ranar Asabar ne da yamma, a falonmu na sama, inda za a karanta babin ƙarshe kamar yadda aka sa tun farko. Wanda ya san ƙarshen labarin ya kama bakinsa. In kuma kun ji Gajera ta gyara murya ta ce, "To, ina muka tsaya?", don Allah kada kowa ya kalle ni.