Kazata mai ƙwai biyu a rana

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a Mabai ba, ko da kuwa na manta abin da na ci jiya. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuwa amarya ce daga cikin garin Ƙanƙara, ina jin kaina kamar na fi kowace mace a ƙauyen wayewa.

Kaza ɗaya tal mahaifiyata ta haɗo ni da ita, wata ja mai kwaɗayi. Da bazara ciwo ya shigo wa kajin unguwa, sai na ga mata suna jefa barkono a ruwan shansu. Na ce a raina, barkono kawai? Na buɗe kayan yajin garata, na daka citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, na cuɗa da dusa na zuba mata. (Miyar maigidana ta yi lami a watan, bawan Allah bai ce komai ba.)

Kaza ta rayu. Ba ma wannan ba, da ta fara ƙwai, kullum biyu nake tararwa a akurki. Biyu! Kafin mako ya zagayo, babu gidan suna ko wurin daka da ban ba da labari ba. Mata suka riƙa sallama suna tambaya, ni kuma ina gyara zama ina koyarwa. Wata Tabawa har yajin jegonta ta juye wa kajinta.

Danga ce ta raba mu da Gwaggo, yayar uban mijina, tsohuwa marar yawan magana. Tana da wata kaza mai wuya ba gashi, ita kaɗai ce irinta a unguwar. Wata rana ta leƙo ta ce, "Amarya, tawa kazar ta daina ƙwai."

Na ce, "Ai Gwaggo kiwo sai da ilimi. Ki riƙa ba ta citta."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah shi ƙara sani."

Kazata ta kwanta a kan ƙwai har ta ƙyanƙyashe. Ranar na aika aka kira mata su zo su gani da idonsu. Suka cika tsakar gida, Gwaggo na zaune a kan turmi. Na ɗaga murfin akurki ina murmushi, 'yan tsaki suka fito suna bin uwarsu.

Rabinsu wuya ba gashi.

Tabawa ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta juya shi ta ce, "Wanga kuma citta ta cinye mashi gashi, ko kanumfari?"

Gwaggo ta tashi a hankali, ta janye wani tsohon kwando a bayan akurki. Ga kafa nan a gindin danga, daidai shigar kaza.

Na rasa inda zan sa fuskata. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, dama kin sani?"

"Tun kwana na ukku."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na zo in faɗa maki, kika ce in ba ta citta. Kuma taki ta fi tawa iya kwanci. Ki riƙe mani su har su yi ƙwari, in zo in kwashi nawa."

Dariyar da aka yi, har maza a zaure sai da suka aiko tambayar lafiya. Na yi wata guda ban je wurin daka ba, kuma sai da na raba wa Tabawa sauran yajina.

Har yau ina ba kaji barkono da tafarnuwa, kuma ina ganin suna jin daɗinsa. Amma duk sanda wani abu ya yi mini kyau fiye da kima, sai na zagaya na duba ko na maƙwabta ne kafin in tara jama'a.