Ɓeran da Ya Ci Dardumar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da makon sunan 'yata ta fari, kuma ko na so mantawa ƙannen matata ba za su bari ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Rabin fushin da kaina nake, rabin kuwa da duk mutanen da suka san yadda ake saƙa darduma amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini.

Surukina, Baba Alhaji, mutumin Damagaram ne da ya daɗe yana kasuwanci a Treichville, cikin birnin Abidjan. Yana da wata jar darduma ta ulu, saƙar hannu, da ya zo da ita daga Makka tun kafin a haifi matata Rakiya. Ba a shimfiɗa ta sai da dalili. A kanta aka raɗa sunan duk 'ya'yansa, a kanta aka ɗaura mana aure. Don haka ranar da ya aiko da ita gidana a unguwar Arras, kwana biyu kafin suna, na san abin da yake nufi: ya fara ɗaukata mutum. Da ma can kallon ɗan boko yake yi mini, mai jefa Faransanci a tsakiyar gaisuwa, na kuwa ƙudura sai na nuna masa 'yarsa tana hannun mai tsari.

Aikina zanen taswirar gine-gine ne, kuma abin da na tsana a duniya shi ne karkataccen layi. Ina warware dardumar a falo sai raina ya tashi. Jan da ke tsakiya ya fi na gefe duhu, kusurwa ɗaya ta ɗan kauce, gezar nan kuwa ta bakinta ta yi rawaya, ta cukurkuɗe, wata doguwa wata gajera. Na tsaya ina mita ni kaɗai: wai wannan ce ake ta ririta? Shekara da shekaru a gidan mai mutane fiye da goma, an rasa wanda zai ɗauki almakashi ya gyara mata baki? (Rakiya tana gidansu wankan jego, shi ya sa babu wanda zai riƙe mini hannu.)

Ban yi aikin a gaggauce ba, nan ne ma abin ya fi ciwo. Na kifa dardumar, na ɗauko rula da fensir, na ja layi tsaf daga wannan gefe zuwa wancan, daidai gindin 'yan ƙulle-ƙullen da gezar ta fito. Na bi layin da almakashi, baki biyu duka. Na kwashe abin da na yanke na zuba a shara, na aro injin zuƙe ƙura wurin maƙwabta na bi ta lungu-lungu, bakin nan ma na ƙara masa sau biyu don ya kwanta. Da na gama na ja da baya na dube ta, har hoto na ɗauka.

Safiyar suna falo ya cika da dattawa. Liman ya zauna a bakin darduma, Baba Alhaji yana gefensa, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Ina tsaye ina karɓar barka sai Liman ya miƙe, na ga bayan farar rigarsa duk jajayen tufkar ulu. Na dubi inda ya tashi. Bakin dardumar ya buɗe, zare ya saki, ulun yana zubowa layi-layi kamar ana ɓare masara. Wani dattijo ya sa yatsa ya taɓa, wani layin ya biyo shi.

Baba Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya duba, ya dube ni, ya tambaya me ya sami gezar.

A nan ya kamata in sunkuyar da kai in faɗi gaskiya. Maimakon haka bakina ya ce ɓeraye ne. Kuma ban tsaya nan ba, sai da na yi huɗuba. Na zagi ɓerayen benenmu, na zagi masu zubar da shara a matattakala, na ce sau nawa ina kai ƙara ba a yi komai ba. Na yi fushi sosai har na fara yarda da kaina. Dattawa suka taya ni jimami, wani ma ya ba ni sunan magani. Baba Alhaji ya ce babu komai, gobe in ɗauko ta mu kai wa Malam Idi a kasuwar Adjamé.

Washegari muka shiga taksi, darduma a naɗe ta ratsa cinyoyinmu, muka tsallake gada. Malam Idi tsoho ne mai gyaran dardumai a wani lungu cikin kasuwa, abokin Baba Alhaji tun zuwansu Abidjan. Da yake mutane ne masu jama'a, kafin a gama gaisuwa masu rumfunan kusa sun matso, har da mai sayar da labule da wani mai katifu ɗan ƙabilar Jula. Na sake karanto labarin ɓeraye, wannan karon har da nuna girmansu da hannu.

Malam Idi ya sa tabarau, ya shafa bakin dardumar, ya kifa ta. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, ɓeran nan ya yi lakwal, ɗan boko ne," ya ce. "Dubi, sai da ya ja layi da fensir kafin ya fara ci."

Mai labule ya fara dariya har da riƙe ƙarfen rumfa. Aka fassara wa mai katifu da Julanci, shi ma ya kama. Ni kuwa ina tsaye da rigata mai guga, na rasa inda zan ajiye idona. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashin kunyar haushi nake ji, don layin ya miƙe sosai, ba yadda za a yi in musa shi.

Da dariya ta lafa Malam Idi ya jawo ni kusa ya nuna mini. Ashe geza ba ado ba ce da aka ɗinka daga baya. Ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka ɗaura a jikin masaƙa, wanda ya ratsa dardumar daga wannan baki zuwa wancan. A kansa ake ƙulla ulu ɗaya bayan ɗaya da hannu, a gitta zaren kwance a danne, in an gama a ɗaure bakin don kada ya saki. Ƙullin da na yanke shi ne yake riƙe da komai. Bambancin jan da ya dame ni kuwa, ya ce ulun ne ba a rina shi a tukunya ɗaya ba, kuma da shi ake gane saƙar hannu. Ya ƙara da cewa injin zuƙa ba ya zuwa bakin darduma, kaɗe ta ake yi ta baya, a shanya a inuwa, kuma a danshin garin nan kada a kuskura a naɗe ta cikin leda. (Duk wannan bayanin minti biyar ne. Minti biyar da wani zai iya ba ni tun ranar ɗaurin aure.)

Gyaran ya yiwu, amma sai da aka warware layukan da suka saki, dardumar ta rage kusan tafin hannu a kowane baki. Furannin da ke gefen sun tafi ke nan. A hanyar dawowa na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, ni ne. Ka yafe mini."

"Na sani tun jiya," ya ce, yana kallon ruwan lagun da ke ƙarƙashin gada ta taga. "Darduma Idi zai gyara ta. Ni jira nake in ga yaushe za ka daina ɗora wa ɓera."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙannen Rakiya suka ji labari kafin magariba, suka laƙaba mini Ɓeran Arras, sunan da ya bi ni har wurin aiki. Abin da na koya shi ne in na ga tsohon abu ya karkace a gidan mutane, in tambaya kafin in gyara, in kuma na riga na ɓata, in faɗa tun ba a kifa shi a gaban jama'a ba. Kwanan nan 'yata ta tambaye ni me ya sa kawunnanta suke kirana haka. Na buɗe baki zan ce wasa ne kawai, sai na ga kakanta yana kallona ta saman tabarau. Na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga rula.