Rasuwar Gwamma, Kwamfutar Ɗantani Baduku

Da zuciya cike da baƙin ciki, iyalan Malam Ɗantani Baduku, mutumin Damagaram mai shagon kayan fata a kasuwar Tamanrasset, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, Gwamma, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar da maigidanta bai san tana yi ba.

Marigayiyar ta zo duniya a ƙasar Turai. Ta yi ƙuruciyarta a wani buro, wato ofis, ta tsallako teku da girmanta, jandarma da 'yan dowan masu karɓar harajin kaya suka juya ta son ransu. Ɗantani ya ɗauko ta ne da buri ɗaya. Turawan da ke zuwa hawan dutsen Assekrem da sanyi sun daina yawon neman shago da ƙafa, tun daga gida suke zaɓa a intanet. Shi kuwa ya rantse kafin sanyin bana sai jakunkunansa da matasan fatarsa da kuben takubbansa sun hau shafi nasu na kansu.

Gwamma mai haƙuri ce. Da safe in an tashe ta, tari ɗaya take yi, ta ce "tit", ta buɗe ido a hankali. In za ta shiga intanet ta layin tarho sai ta rera "kiiii, ƙurrr, ting-ting", har masu shayin maƙwabta su san Ɗantani ya zauna aiki. Ba ta taɓa tona asirin kuskurensa na Faransanci ba. A cikinta ya ajiye hoton kowane ɗinki da ya fita daga hannunsa, har da waɗanda aka saya aka tafi da su, ba zai sake ganinsu ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da aka shaida wa maigidanta cewa gidajen gina shafi ba ɗaya ba ne. Akwai na kyauta, ya gwada, sai ga tallar caca tana walƙiya a saman hoton buzun sallarsa, ya yi a'uziyya ya koma gefe. Akwai mai tsabta, wanda ke ba mutum adireshi da sunansa, amma yana neman katin bankin Turai, kuma duk zanensa teku ne da jiragen ruwa. Ɗantani ya ce shi bai taɓa jin an sayar da sirdin raƙumi a bakin teku ba. Sai Salim, abokinsa Balarabe, ya kawo masa faifai daga Alje, babban birnin ƙasar, wai da shi mutum ke gina nasa da hannunsa. Wannan ya yi wa baduku daɗi, sai dai duk hoton da ya ɗora yakan fito a kwance.

Ya kafa harsashi a ko'ina, bai rufa ɗaki ko ɗaya ba. Ya tambayi direbobin hanyar In Ekker, ya tambayi mai dabino daga ƙauyen Tit wanda ko tarho bai da shi. Maƙwabcinsa Zubair, wanda ɗinkinsa bai kai rabin nasa ba, ya zaɓi na kyautar da yamma ɗaya, ya koma shan shayinsa. Uwargida Iklima ta gaji ta ce, "Malam, ko ni ba ka daɗe haka kana shawara ba kafin ka aure ni." Ya ce mata ai wancan da sauƙi, ita kaɗai ya gani. Duk wannan zirga-zirga Gwamma ce ke ɗaukarta, tagogi uku a buɗe daga safe har magariba, tana huci "fuuu" kamar mai hawan dutse da kaya.

Da ya ji hucin ya yi yawa, tausayi ya kama shi. Ya ce rairayi ne da sanyin garin nan. Ya zauna ya ɗinka mata riga ta jar fatar akuya, da tuntaye da zanen Agadas, ya matse ta tsaf, bai bar ko kafar allura ba. Duk wanda ya gani ya ce bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. A cikin rigar ta yi kalmarta ta ƙarshe, "tiiiit", wari ya tashi, ido ya rufe. Abdulnasir mai gyara ya duba gawar, ya ce ai ta kafofin da aka rufe ne take numfashi, hotunan kuma sun tafi tare da ita. Ɗantani ya yi kuka, kuma ba ya ɓoyewa.

Ta rasu ta bar ɓera ɗaya mai igiya, da allon rubutu wanda harafinsa ɗaya ya riga ta tafiya, da shafuka uku marayu da babu wanda ya kai ga tsayawa da ƙafarsa.

Za a kai ta makwancinta a bayan shagon Abdulnasir ranar Alhamis bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya faɗi gidan shafin da ya kamata a zaɓa, kuma a bar hanya a buɗe, domin Turawan bana sun iso. Suna tsayawa da takardar da suka fitar daga intanet a hannu suna tambayar ina shagon Zubair, Ɗantani ne kuma ke tashi daga tabarmar makoki ya nuna musu.